Ana iya koyon tausayi?

Sau da yawa mukan ce wane mai tausayi ne, wane kuwa zuciyarsa dutse ce, kamar dai haka aka haifi kowa, ba sauran gyara. Mabiya Buda ba su yarda da wannan ba. Shi Buda, Sidarta Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, wajen shekara 2500 da suka wuce. Mabiyansa suna kiran tausayi karuna, kuma a wurinsu kamar gona yake: wanda ya nome ta shi ke samun amfani.

A ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, wani malaminsu mai suna Budagosa ya zauna a Anuradafura, cikin tsibirin Siri Lanka, ya rubuta littafin Wisudimagga. A ciki ya tsara noman nan daki daki. Mai koyo zai zauna shiru, ya fara kawo wa ransa wani mai shan wahala, ya yi masa fatan samun sauƙi. Bayan haka ya juya ga masoyinsa, sannan ga wanda bai dame shi da kome ba, daga ƙarshe ga maƙiyinsa. Ba a farawa da maƙiyi, kamar yadda ba a ba sabon ɗan makaranta wasiƙa ya karanta tun bai san baƙi da wasali ba.

Ya kuma ce tausayi yana da abokan gaba biyu. Na nesa shi ne mugunta, kowa ya san fuskarta. Na kusa shi ne baƙin ciki, wanda ya fi wuyar ganewa don kama yake da tausayin. Mutum ya ga majinyaci, hankalinsa ya tashi, ya koma gefe yana kuka, majinyacin kuwa ko ruwa bai samu ba. Littattafansu sun ba da labarin wani almajiri da gudawa ta kwantar, yana cikin ƙazantarsa, ƴan uwansa sun ƙyale shi. Buda ya sa Ananda ya kawo ruwa, su biyu suka wanke shi, suka ɗora shi bisa gado, sannan ya tara sauran ya yi musu faɗa.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne kan azzalumin da ke cikin jin daɗi. Shi ma a tausaya masa? Budagosa ya ce i. Ya kawo misalin ɓarawon da ake tafiya da shi wurin kisa, mutane suna miƙa masa abinci da furanni. Yana ci kamar mai wadata, amma ba wanda ke ganin ya ji daɗi, don kowane taku yana kusantar da shi ga mutuwa. Haka azzalumi yake, sakamakon aikinsa yana jiransa.

A nan ina da ja. Wanda aka ƙwace wa gona, in ka ce masa ya tausaya wa mai ƙwacen tun ba a mai da masa gonarsa ba, ka ƙara masa kaya. A ganina sai a fara tsayar da hannun azzalumi, a mai da gonar. Bayan haka ne misalin ɓarawon zai yi amfani, ranar da azzalumin ya faɗi, jama'a suka ɗauki sanduna.