Garwashin da ke ƙarƙashin toka

A ƙauyukanmu, kafin ashana ta wadata, uwargida ba ta barin wutar murhunta ta mutu. In an gama tuwon dare sai ta tattara garwashi wuri guda, ta rufe shi da toka. Da asuba ta tone, ta sa 'yan karare, ta hura, wuta ta tashi. Duk tsawon daren, wanda ya leƙa murhun toka kawai zai gani, alhali wutar tana nan da ranta. Gida-gida haka ake yi, kuma akasari ana kwana lafiya. Amma a cikin hunturu, in iska ta yaye tokar, ga busasshen zana a kusa, akan wayi gari da gobara.

Akwai ƙwayar cuta da irin wannan zaman take yi a jikin ɗan Adam. Sunanta Epstein-Barr, 'yar'uwa ce ga ƙwayar ƙarambau da wadda ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Ta yawu take yaɗuwa: shan ruwa a moɗa ɗaya, cin abinci da cokali ɗaya, ko uwa ta tauna abu ta ba ɗanta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita. A ƙasashen Afirka yawancin yara kan kamu tun suna ƙanana, ba tare da wata alama ba. Wanda ya kamu yana matashi kuwa, yakan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa a wuya, da kasala ta makonni. Bayan an warke ƙwayar ba ta fita. Sai ta shige cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, waɗanda aikinsu sarrafa sinadaran kariya, ta lafe a can har ƙarshen rayuwa.

Daga Afirka labarin gano ta ya faro. A 1958 wani likitan tiyata, Denis Burkitt, da ke aiki a Yuganda, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya. A 1964, a Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ƙwayar a cikin tsokar wannan ciwo.

Abin da ya fi jan hankalin masana a yau shi ne alaƙarta da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Ɗaya daga cikinsu shi ne lufus. Yana kawo ciwon gaɓoɓi, da ƙuraje a kumatu da karan hanci, da zubewar gashi, da gyambon baki, da yawan gajiya, kuma yakan taɓa ƙoda. Kusan tara cikin goma na masu shi mata ne, yawanci a shekarun haihuwa, kuma ya fi tsanani a baƙar fata. Akwai kuma amosanin gaɓoɓi mai kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, da wani ciwon mai busar da ido da baki.

A 1997, Judith James da John Harley a Oklahoma ta Amurka suka gwada yara da matasa 117 masu lufus, suka sami alamar ƙwayar a jinin 116. A cikin tsaransu masu lafiya, kusan kashi 70 cikin 100 ne kawai ke da ita. A 2018 Harley da abokan aikinsa suka nuna cewa wani sinadari da ƙwayar ke yi yana manne wa kusan rabin wuraren da ke cikin ƙwayoyin gado waɗanda aka san suna ƙara haɗarin lufus. A 2025 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka ƙirga: a jikin mai lafiya, ƙasa da ɗaya cikin ƙwayoyin B 10,000 ne ke ɗauke da ita, amma a jikin mai lufus, kusan ɗaya cikin 400. Ban da wannan, wani ɓangare na ƙwayar yana kama da sinadaran jikinmu, saboda haka garkuwar da ta tashi yaƙar ta takan rikice ta far wa gaɓa da fata da ƙoda.

To, in kusan kowa yana da ƙwayar, me ya sa 'yan kaɗan ne ke ciwon? Amsar tana murhu. Garwashi shi kaɗai ba ya ƙone gida, sai ya sami zana da iska. Zanan shi ne abin da mutum ya gada daga iyaye. Iskar kuwa ita ce sinadaran jikin mace, da shan taba, da hasken rana mai tayar da lufus. Sai waɗannan sun haɗu ciwo ke tashi.

Wannan ya isa ya gyara mana tunani ta fuska biyu. Na farko, lufus da amosanin gaɓoɓi ba a ɗaukar su daga mai su. Ƙwayar da ake magana a kai, mai jinya da ɗan dubiya duk suna da ita. Babu dalilin ware wa marar lafiya kwano, ko miji ya ƙaurace wa matarsa. Na biyu, ciwon yana da sanadi a cikin jini, wanda ake gani a gwaji. Yarinya 'yar shekara ashirin ta tashi yatsunta sun sanƙare, gashinta yana zuba, ko matar aure ta riƙa ɓari a jere, sai a ce sanyi ne, ko sammu, ko a ɗora wa kishiya. Ana ta jiƙe-jiƙe, ana sayen haɗin ƙwayoyin kashe zafi a kemis, alhali daɗewa ana shan su yana cin ciki da ƙoda. Kafin a je asibiti ƙafa ta kumbura, fitsari yana kumfa, ƙoda ta fara gazawa.

Har yanzu babu allurar rigakafin wannan ƙwaya da aka amince da ita, gwaji ake yi. Ciwon da take da hannu a ciki kuwa yana da magungunan da ke kwantar da shi, ciki har da wani ɗan'uwan kulorokwin da muka sani, wanda likita ne kaɗai zai rubuta ya kuma sa ido a kai. Da yawa daga waɗanda aka gano nasu da wuri suna karatu, suna sana'a, suna haihuwa lafiya.

Saboda haka, iyaye da mazaje, in ciwon gaɓoɓi ya haura mako shida, musamman in ana tashi da sanƙarewa da safe, ko ya zo da ƙurajen fuska, ko zazzaɓin da maganin maleriya ya kasa, a kai marar lafiya babban asibiti, a nemi likitan gaɓoɓi, a yi gwajin jini da na fitsari. Neman magani ba ya kore tawakkali, kuma kowane wata da aka ɓata, ƙodar marar lafiya ce ke biya.