Kuɗin Shinge a Tukunyarmu

Bari in fara da tambaya. In yau ɓarawo ya haura gidanki ya kwance akuya, ina maigida zai fara nufa? A nan Kunduru da sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada, wani gidan mai unguwa zai je, wani wajen 'yan banga, wani ma ya ce ya bar wa Allah. Ofishin 'yan sanda shi ne na ƙarshe, don gudun kada garin neman akuya a sayar da saniya.

Wannan rashin yarda yana da asali. Turawan mulkin mallaka ne suka haɗa rundunar 'yan sandan Nijeriya a 1930, kuma tsaron mai mulki aka fi kafa ta dominsa, ba tsaron talaka ba. Mulkin soja ya zo ya ƙara koya wa mai kaki cewa ya fi ƙarfin tambaya. Ga ƙarancin albashi, ga bariki duk ya lalace, ga rashin kayan bincike, har duka ya zama hanya mafi sauƙi ta sa mutum ya amsa laifi. Uwa uba, wanda ya yi zalunci ba kasafai ake hukunta shi ba. Abin da ya fusata matasa ke nan a Oktoban 2020, har gwamnati ta rusa rundunar SARS.

Wannan duk laifin hukuma ne, kuma Allah zai tambaye su. To amma mu fa? Ɗan sandan nan da ke tare direba a hanyar Kano zuwa Katsina ba daga sama ya faɗo ba. Ɗan wata ne, mijin wata ne. Kuɗin da ya karɓa a shinge, da yamma cefane suke zama, mu dafa, 'ya'yanmu su ci. Kin taɓa tambayarsa, cikin ladabi, “Maigida, wannan daga ina?” Ko kuwa ke ce mai matsa masa sai ya sayo miki atamfar da maƙwabciya ta ɗaura?

Ke da ba matar ɗan sanda ba, kada ki ce kin tsira. Sau nawa ake rigimar adashi ko bashi, wata ta ba da na goro a rufe 'yar'uwarta don ta “gane kurenta”? Ranar muna murna mun nuna isa. Alhali sandar da kika yi haya yau, gobe wani zai yi hayarta a kan ɗanki. Addininmu bai bar mai ba da cin hanci ba, bai bar mai karɓa ba, kuma ya koya mana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa.

Ki kuma san haƙƙinki, domin jahilci ne abincin azzalumi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, wato ba a kama uwa ko mata don an rasa ɗa ko miji. Ta hana kamu saboda bashi kawai. Dokar 2017 ta haramta azabtar da wanda ake tuhuma. Beli kuwa a ofishin 'yan sanda kyauta ne.

Mu yi adalci, akwai na kirki a cikinsu. Wasu sun rasa rayukansu a hannun 'yan bindiga a jihar nan tamu ta Katsina, sun bar zawarawa da marayu. Irin waɗannan, haƙurin mace da albashin halal ne ke ƙarfafa musu gwiwa.

Gyaran runduna aikin gwamnati ne, amma tukunya taki ce, 'yar'uwa. Ki hana haram shiga cikinta, kada kuma ki sayi zalunci da kuɗinki. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya kare mu daga zalunta da zaluntuwa, amin. Wassalam.