Wa Zai Biya Mai Zama Da Mai Naƙuda?

Akwai wata tambaya da ke gaban masu mulki a ƙasashe da yawa, ya kuwa kamata mu ma mu auna ta. Mace tana naƙuda, wata mace ta zauna kusa da ita. Ba ta yin allura, ba ta ba da magani, sai dai ta riƙe mata hannu, ta shafa mata baya, ta ba ta ruwa, ta ƙarfafa zuciyarta. Ko daidai ne a ɗebi kuɗi daga baitulmalin jama'a a biya wannan mace? Kada mu yi gaggawar amsawa, 'yan'uwa, gama rayukan mata ne a cikin maganar, kuɗin kuwa ba shi da yawa.

A Amurka ana kiran irin wannan mace dula. Gwamnatin can tana da asusun lafiya domin matalauta, sunansa Medicaid, shi ke biyan kuɗin haihuwa wajen 4 cikin kowace 10 a ƙasar. A shekarar 2014 jihohin Oregon da Minnesota suka soma biyan dula daga cikin asusun nan, California kuma ta bi sawunsu a 2023. Suna da hujja. A 2017 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara bincike 26 daga ƙasashe 17, a kan mata fiye da 15,000. Suka tarar matan da aka zauna da su tun daga farkon naƙuda har ƙarshe, naƙudarsu ta ragu da wajen minti 40, tiyata kuma ta ragu a cikinsu da kashi ɗaya cikin huɗu. Tun da ya ke kusan haihuwa ɗaya cikin uku a Amurka da tiyata a ke yin ta, tiyata kuwa da tsada, sai masu goyon bayan shirin suka ce abin da aka ba dula zai komo baitulmali ta wata ƙofa.

To, ko wannan lissafi zai yi mana a Wudil? Ba zai yi ba. Su tiyata ta yi musu yawa, mu kuwa ta yi mana kaɗan. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna haihuwa wajen 3 cikin 100 kaɗai a ke yi da tiyata a Nijeriya, haihuwa 39 cikin 100 ne a ke yi a asibiti, a Jihar Kano kuwa kimanin ɗaya cikin biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya saboda ciki da haihuwa a 2020, watau fiye da rubu'in na dukan duniya. Zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda su ke kashe su. Idan mai rakiya ta yi aikinta a wurinmu, mata za su ƙaru a asibiti, masu bukatar tiyata za su samu, kuɗin da gwamnati ke kashewa kuma zai hau. Saboda haka kada kowa ya ce mana wannan shiri zai rage wa gwamnati nauyi. Idan za a yi shi, sai a yi shi domin ran mace ya isa a kashe masa kuɗi.

Mun ji masu ƙin maganar suna kawo dalili biyu, dukansu kuwa da nauyi.

Na fari, sun ce zumunci ba abin sayarwa ba ne. Tun kaka da kakanni mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, uwa da goggo da maƙwabta su kewaye ta. In aka sa wa wannan farashi, gobe ba mai zama da 'yar'uwarta sai an biya ta. Akwai gaskiya a nan. Amma mu tuna ungozoma ba ta taɓa yin aikin banza ba a ƙasar Hausa. Takan yanke cibiya, ta wanke jinjiri, ta binne mabiyiya, ta taimaka da wankan jego, a kan sallame ta da hatsi, da zane, da rabonta na naman suna. Ba wanda ya ce ladan nan ya ɓata alherinta. Uwa da ƙanwa ba su bukatar albashi, amma tsohuwar da ta bar barcinta domin 'yar wani, ta cancanci hakkinta.

Na biyu, sun ce kuɗi ƙalilan ne. Wannan ya fi na farin ƙarfi. Kowace naira da aka ba mai rakiya, an ɗauke ta daga wani wuri ne, ko daga albashin ungozomar asibiti, ko daga jini, ko daga man motar ɗaukar marasa lafiya. Mai riƙe hannu ba ta iya tsayar da jini. Binciken da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta shugabanci sashensa na Nijeriya, ya nuna in aka auna jinin da ke zuba da wata leda mai ma'auni, aka kuma ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba, mummunar zubar jini tana raguwa da kashi 60 cikin 100. Mai mulkin da ya bar wannan ya tafi biyan masu rakiya, ya gina ɗaki ba harsashi.

Me za mu ce ke nan? Adalci a nan shi ne a sa kowane abu a matsayinsa.

Da fari a cika alkawarin da aka rigaya aka yi. Jihar Kano ta soma shirin awo da haihuwa kyauta tun 2001. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na farko. A 2016 Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, a 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya, a watan Nuwamba na 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata matalauta. Waɗannan duka bashi ne a wuyan gwamnati.

Sa'an nan a yi abin da kuɗinsa kaɗan ne. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar kowace mai naƙuda ta shiga da wadda ta zaɓa. Labule da kujera ne kusan iyakar abin da wannan ke bukata. Mun san kunya, da tsoron zama cikin baƙi, suna cikin abubuwan da ke tsare matanmu a ɗaka.

Bayan wannan a sa ungozoma cikin asusun taimakekeniya, a horar da ita ta gane alamun hatsari, a biya ta domin ta rako mace asibiti ta zauna da ita. Idan abincinta yana cikin haihuwar gida kaɗai, mun jarabce ta ta riƙe mace har lokaci ya wuce. Ladan kuma ya zama na gaske. Oregon ta soma da dala 75 a kan kowace haihuwa, mata kaɗan suka shiga aikin, sai da ta ƙara har ya kai dala 1,500 a 2022. Gwamnatin da ta rubuta lada a takarda ba ta biya ba, ta cuci ma'aikaciya, ta kuma ruɗi mai ciki.

Mu ma muna da namu rabo. Maigida ya ba da izinin tafiya asibiti tun ciki yana ƙarami, ya ajiye kuɗin mota, ya san wanda zai ba da jini. Mutumin da ya iya lissafin sa a kasuwar kara ran Jumma'a, ya iya wannan lissafin kuma. Zumuntar mata su san kowace mai ciki a unguwa, da wadda za ta raka ta ko da tsakar dare ne. Mu nemi hakkinmu wurin gwamnati da ladabi da naciya, amma kada wata mace a cikinmu ta yi naƙuda ita kaɗai muna jiran kasafin kuɗi.