Gado Biyu, Lamba Biyu

Rana ɗaya aka kwantar da su, gado na kallon gado: wani Alhaji ɗan kasuwa mai ƙiba sosai, da wani tsohon manomi wanda ƙodarsa ta fara gajiya. Dukansu zuciya ce ta gaza, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai da ƙyar.

Da sakamakon gwajin NT-proBNP ya fito, na Alhaji 900, na tsoho 6,000. Ƙaramin likita, sabon shiga, ya san karatunsa. Idan bangon zuciya ya miƙe saboda jinin da ya yi mata yawa, sai ta saki sinadarin BNP, wanda masana a Japan suka fara ganowa a ƙwaƙwalwar alade a 1988, kuma yawansa a jini kan nuna tsananin ciwo. Nan take ya yi wa iyalan Alhaji albishir, ya ja ɗan tsoho gefe ya ce su dage da addu'a.

Washegari babbar likita ta zo zagaye. Kafin ta taɓa takarda, sai da ta duba jijiyar wuyan Alhaji, ta danna ƙaurinsa, yatsanta ya bar rami.

"Likita, nawa ne nauyinsa?"

"Kilo 118, ranki ya daɗe."

"To, ƙiba tana danne wannan lamba, mai jiki yana iya jin jiki alhali tasa ba ta tashi ba. Shi kuma Baba, tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga ta. Mu ba su maganin sa fitsari, mu sake aunawa. Idan ta sauka da kashi 30 cikin 100 ko fiye kafin sallama, alama ce mai kyau."

Bayan mako guda ta tsoho ta dawo 3,500, har yana kwanciya da matashi ɗaya. Ta Alhaji ta hau 1,400. Ashe tun da aka yi masa albishir ake shigo masa da balangu da yajin gishiri a ɓoye, ƙwayoyinsa kuwa wata rana a sha, wata rana a bari.

Aka sallami tsoho ranar Alhamis. Ƙaramin likita ya nemi ɗan tsohon ya yi masa bayanin magunguna, sannan ya ja kujera gaban gadon Alhaji.

"Alhaji, a kira Hajiya. Akwai maganar da zan sake."