Kabari Hubusi Ne

A garin Kutna Hora na ƙasar Cek akwai wata majami'a a unguwar Sedlec da aka ƙawata da ƙasusuwan mutum wajen 40,000. A 1870 wani masassaƙi, Frantisek Rint, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, har fitilar da ke reto a tsakar ɗakin da ƙashi aka haɗa ta. Annoba da yaƙi ne suka cika wa mutanen garin maƙabarta, suka ga gara matattu su riƙa yi wa rayayyu wa'azi. Na gane niyyarsu, amma zuciyata ba ta kwanta da aikin ba. Mamaci amana ne, ba ya iya cewa a'a.

Kafin mu yi tir da su, mu duba gida. Mu a ƙasar Gobir da ƙasa muke gini. Magini ya haƙo, ya kwaɓa, ya mulmula tubali, ba kasafai yake tambayar wa ke kwance a wurin ba. Alkalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, birnin ya zama kufai. Wa zai iya nuna iyakar maƙabartunsa yau? Kakata takan hana mu ɗebo ƙasa daga wani tudu a bayan gari, ta ce akwai mutane a ciki. Ita ta sani. Jikokina ba su sani ba, kuma wata rana mai neman lada zai iya ɗibar ƙasar tudun nan ya yaɓe masallaci.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar zancen a duhu ba. A Muhtasar na Halilu an ɗauki kabari hubusi ga mai shi, ba a tone shi muddin akwai sauran ƙashi. Idan ya narke sarai, ana iya rufe wani mamacin a gurbin, kamar yadda ake yi a Baƙi'a ta Madina, amma ba a mai da wurin gida ko gona. Lalura kuwa tana da hukuncinta: Muwaɗɗa ta kawo labarin shahidan Uhudu biyu da ambaliya ta buɗe kabarinsu bayan shekara 46, aka sauya musu makwanci. Mu da Gulbin Rima da Bunsuru ke cin gaɓarmu duk damina muna bukatar sanin wannan. Wani zai ce ai filin masallacin Annabi (SAW) ma akwai tsoffin kaburburan mushrikai. Haka ne, amma sai da aka kwashe su kafin a aza harsashi.

Abin da ke hana ni barci shi ne sababbin kufai. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Isa da Sabon Birni, wasu mutanen sun tsallaka zuwa jihar Maradi. Sun bar iyayensu a ƙasa, ba shinge, ba alama, tsofaffin da suka san wuraren kuma suna rasuwa a gudun hijira.

Ina roƙon hakimai da limamai su zauna da waɗannan dattawa tun suna raye, a rubuta inda kowace maƙabarta take. Ranar da Allah ya kawo lafiya aka koma, a kewaye ta da itatuwa kafin magini ya sa diga.