Kwanduna Goma Sha Biyu da Sharar Gidanmu

A Bisharar Yohanna sura 6 mun karanta yadda Ubangiji Yesu ya ciyar da mutum wajen 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu. Da kowa ya ƙoshi, sai ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage, har suka cika kwanduna 12. In Mai ikon yalwata gurasa bai yarda da ɓarna ba, wace hujja ke gare mu?

Yawancin abin da muke kira shara bai gama amfani ba. Ana narkar da gwangwanin lemo a ƙera tukunya, ana niƙa gorar roba a yi zare, ana jiƙa kwali a sāke yin takarda. A Legas, kamfanin Wecyclers ya soma bin gida gida da kekuna a 2012 yana karɓar irin waɗannan kaya, a 2019 kuma gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin rarraba shara tun daga gida. A sauran garuruwanmu, 'yan bola da 'yan gwangwan ne ke ɗauke da wannan aiki.

Amma aikin yana lalacewa tun a ɗakin girki. Kwalin da miya ta zuba a kai ba mai sayensa. Fasasshiyar kwalba, reza da allura da aka cusa cikin leda, hannun wani za su yanka, mai yiwuwa yaro sa'an ɗanka. Sharar da ta bar ƙofarka ba ɓacewa take yi ba. Hannun maƙwabcinka take faɗawa.

A Littafin Firistoci sura 19, Allah ya hana Isra'ilawa girbe gonakinsu ƙaf, domin matalauci da baƙo su sami kala. Gorar da ka ɗauraye ka ajiye gefe, ita ce kalar mazaunin birni.

Saboda haka bari kowane gida ya tanadi buhuna uku: ɗaya na roba, ɗaya na gwangwani da ƙarfe, ɗaya na takarda da kwali busassu. A ɗauraye gora da gwangwani, a bar su su bushe. Ɓawon doya da ragowar abinci su tafi ga dabbobi ko ramin taki. A naɗe fasasshen gilashi a kwali, a gaya wa mai ɗauka. Kada a jefa batir cikin shara ko wuta, gama yakan fashe. A fitar da kayan ranar da masu kwasa ke zuwa, kada iska da ruwan sama su kai su magudana.

Iyaye, ku ba kowane yaro buhunsa ya lura da shi. Zumuntar mata da ta matasa su soma daga harabar ikkilisiya bayan sujada. In mai kwasa ya iso ƙofa, a gaishe shi da mutunci, gama shi ma cikin kamannin Allah aka halicce shi.

Ubangiji ya same mu da aminci cikin ƙaramin abu. Amin.