SHUGABA DA MUTANENSA: ZUMUNCI KO SON KAI?

Ya mai karatu, ka taɓa lura da makiyayi sa'ad da yake koro shanu gida da maraice? Ba ya riƙe da takarda, amma ya san kowace saniya. Ya san mai ɗingishi, ya san wadda ba ta ci da kyau ba yau. Domin ya san su, shi ya sa suke binsa.

Kusan kowa shugaba ne a wani wuri. Maigida shugaba ne, uwargida ma haka. Malamin lakwal, da mai shago da yaransa, da sarkin noma a gonar gayya, dukansu an ba su amanar mutane. To, da me za su riƙe su? Da sanda, ko da zumunci?

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin Rehobowam ɗan Sulemanu, cikin 1 Sarakuna sura 12. Da ya hau gadon sarauta, jama'a suka roƙe shi ya rage musu wahalar aiki. Dattawa suka shawarce shi ya yi wa mutanen hidima, ya amsa musu da magana mai daɗi. Ya ƙi, ya bi shawarar samari abokansa, ya amsa da zafi. Kabilu 10 suka rabu da shi. Yana da gadon sarauta, amma bai san zuciyar mutanensa ba.

Amma ga tambaya mai wuya. Idan shugaba ya yi zumunci da mutane, ashe ba zai fifita nasa ba? Duk mun san abin da ake kira sanayya. Wani yana da takardar aiki, amma aka ɗauki ɗan ƙanen maigida. Shin zumunci ne wannan?

Bari in faɗa maka laifina. A shekarar 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, yunwa ta tsananta a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Ikkilisiyarmu ta sami hatsin taimako, aka sa ni cikin masu rabo. Da dare ƙanen mahaifina ya zo, ya ce, "Ɗana, tiya tana hannunka. Ka tuna da gida." Na san rumbunsa bai ƙare ba tukuna. Na kuma san wata mata wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna cin anza, kunya kuwa ta hana ta roƙo. Duk da haka na ji nauyinsa, na ƙara masa tiya biyu.

Daren nan ban yi barci ba. Da safe na faɗa wa sauran dattawa, na biya daga hatsin gidana, muka kai wa matar. Sa'an nan na tafi wurinsa, na durƙusa, na ce, "Baba, abin da ke nawa naka ne, amma hatsin amana ba nawa ba ne." Ya yi fushi, ya daɗe bai amsa gaisuwata ba. Ni kuwa ban daina zuwa gaishe shi ba, har Allah ya sanyaya zuciyarsa.

A nan na gane abu ɗaya. Sanin mutane ba shi ne laifin ba. Da ban san matar nan ba, da ba wanda ya tuna da ita. Laifina shi ne na auna hatsi da nauyin fuska, ban auna da bukata ba. Son kai yana sanin mutum domin riba ko domin tsoro. Zumunci na gaskiya yana sanin mutum domin a yi masa hidima.

Dubi Yesu Almasihu. Ya ci abinci da almajiransa, ya yi tafiya da su, ya kira su abokai. Amma da uwar Yakubu da Yahaya ta roƙa wa 'ya'yanta kujerun girma, bai ba su don kusanci ba. Ya koya musu cewa babba shi ne mai yi wa sauran bauta (Matiyu 20). A daren da aka bashe shi kuma, ya wanke ƙafafunsu duka, har da na Yahuza (Yahaya 13). Ƙaunarsa ba ta hana shi gaskiya ba, gaskiyarsa kuma ba ta rage ƙaunarsa ba.

Yanzu ka gwada kanka. Ka san damuwar mafi ƙanƙanta a cikin ma'aikatanka, ko ta manya kaɗai ka sani? Idan ɗanka da ɗan maƙwabci suka yi laifi ɗaya, hukunci ɗaya kake yi? Matarka tana iya faɗa maka kuskurenka ba da tsoro ba?

Ɗan'uwana, da ƙarfinmu ba za mu iya ba, gama zuciyar mutum karkatacciya ce. Amma Makiyayi Nagari ya san ka da sunanka, ya kuwa ba da ransa saboda zunubanka. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi, ka bar shi ya bi da kai. Wanda Yesu yake kiwo, shi ne zai iya kiwon waɗansu.